Baburan dusar ƙanƙara: Abin da mahaya ke musu a kai kafin su zuba dala 20,000

A Kanada da arewacin Amurka, ana cinikin babur ɗin dusar ƙanƙara ne a daidai lokacin da ƙanƙarar ke shirin narkewa. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu kamfanoni ke baje kolin samfurin shekara mai zuwa. Mai saye ya zaɓi inji da launi da tsawon bel, ya ajiye kafin alƙalami, ya koma gida ya jira. Ba zai hau abin da ya saya ba sai wajen Disamba, idan ma ƙanƙarar ta sauka.

Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Manyan samfuran hawan dutse sun haura dala 20,000, wato kuɗin ƙaramar mota, ga abin hawan da ba ya aiki sai wata uku ko huɗu a shekara. Wanda ya yi kuskuren zaɓi zai yi hunturu guda yana cizon yatsa. Shi ya sa musun wane samfuri ya fi wane ba ya ƙarewa a tsakanin masu sha'awar wannan hawa, kuma akasari da ƙarfin inji ake fara shi. Sai dai idan aka bi abin a tsanake, ƙarfin inji ne ƙaramin abin da ke raba mai jin daɗin babur ɗinsa da mai da-na-sani.

Ga wanda bai taɓa ganin sa ba, abin kamar an ɗauki babur ne an cire masa tayoyi. A gaba akwai allunan zamiya guda biyu da ake juyawa da kan babur. A baya kuma wani faffaɗan bel ne na roba mai haƙora, yana zagayawa kamar na katafila, shi ke tura abin gaba. Babu canjin giya, kuloci biyu da wani ƙaramin bel ne ke yin wannan aiki da kansu. Totur ɗin ma ba murɗawa ake yi ba, wani ɗan harshe ne da ake dannawa da babban yatsan dama, birki yana hagu. Turawa na kiran sa snowmobile, mutanen Alaska kuma su ce snowmachine.

Larura ce ta haife shi. A hunturun 1934, wani makanike a garin Valcourt na lardin Quebec, Joseph-Armand Bombardier, ya rasa ɗansa mai shekara biyu bayan ciwon afendis ya kama yaron, ƙanƙara kuma ta toshe hanyar asibiti. A 1937 ya fitar da motar ƙanƙara mai ɗaukar mutum bakwai, a 1959 kuma ya fitar da ƙaramin Ski-Doo mai ƙarfin doki 7. A wannan tsakanin su ma 'yan jihar Minnesota sun fara nasu: Polaris a garin Roseau, sai Arctic Cat da ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Polaris ɗin, Edgar Hetteen, ya je ya buɗe a Thief River Falls, tafiyar da ba ta kai awa biyu a mota ba. Yamaha ta Japan ta shigo a 1968.

A 1971 an sayar da kusan rabin miliyan a shekara ɗaya, kamfanoni fiye da 100 na ƙerawa. Yau cinikin shekara bai kai kashi ɗaya bisa uku na wancan ba, kamfanonin kuma ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya.

Ƙarfin doki 165 a hanyar kilomita 50

Injin da ya fi farin jini a yanzu shi ne ajin 850. Na Ski-Doo, wanda masana'antar Rotax ke ƙerawa a Ostiriya, yana ba da ƙarfin doki 165 a cewar kamfanin. Polaris na da nata Patriot 850, Arctic Cat kuma ta biyo baya da 858. Ƙasa da su akwai ajin 600 da 650, masu ƙarfin doki 125 zuwa sama kaɗan. Can sama kuma akwai masu turbo, irin su Sidewinder SRX na Yamaha mai ƙarfin doki kusan 200, wanda ke wuce kilomita 160 a awa a kan daskararren tafki ba tare da ya sha wahala ba.

To, a ina ake yin wannan gudun? A lardin Ontario, iyakar gudun da doka ta yarda da shi a hanyoyin baburan kilomita 50 ne a awa. A Quebec 70 ne, a Minnesota mil 50, wato kimanin kilomita 80. A Finland 60 ne a kan tudu, 80 a kan daskararren ruwa. Babur mai injin 600 yana kai wa nan tun kafin mahayi ya gama danna totur.

Masu sayen 850 na da hujjarsu. Suna cewa ba gudun ƙarshe suke nema ba, fizgar da injin ke yi ce idan an fito daga kwana, da yadda kan babur ɗin ke ɗagawa idan an taɓa shi kaɗan. Akwai gaskiya a ciki. Amma akwai kuma gaskiyar da ba a cika faɗa ba: da yawa suna sayen babban inji ne don kada abokin tafiya ya bar su a baya idan ayari ya fito kan tafki. Ga mai yawo a gyararriyar hanya, 600 ya wadatar, ya fi sauƙin mai, kuma ya fi sauƙin kuɗi da dubban daloli. Ralph Plaisted da 'yan tawagarsa, waɗanda suka isa tsakiyar ƙuryar arewacin duniya a watan Afrilun 1968, a kan Ski-Doo da bai kai ƙarfin doki 20 ba suka je.

Musun da ya fi wannan ma'ana shi ne na irin injin. Akwai mai bugu biyu, ɗan'uwan ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, sai dai shi tankin mansa daban yake, kwamfuta ce ke auna masa. Ba shi da nauyi, yana da saurin amsawa, amma yana ƙone mai na musamman mai tsada, kuma bayan 'yan dubban kilomita sai an buɗe shi an sauya fistin. Akwai kuma mai bugu huɗu irin na mota. Wannan ba ya hayaniya sosai, ba ya warin hayaƙi, yana daɗewa ƙwarai. Illarsa nauyi, kuma nauyin a gaba yake taruwa, kan allunan zamiya. Mai cin dogon zango a hanya yakan ƙare a kan mai bugu huɗu. Mai shiga daji, inda babur kan nutse sai an ciro shi da hannu, ba ya ma son jin zancensa.

Inci 12 da suka sauya komai

Idan aka tambayi waɗanda suka daɗe a harkar abin da ya fi sauya hawan a shekarun nan, da yawa ba inji za su ambata ba. Kujera za su ce.

Kafin 2003, mahayi yana zama ne can baya, ƙafafu a miƙe gaba, kamar wanda ya zauna a tabarma. Zaman na da daɗi a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Matsalar ita ce mutum yana zaune daidai inda bayan babur ke dukan ƙasa, kuma da ƙafa a miƙe ba shi da yadda zai tashi. Duk ramin da aka faɗa, ƙashin baya ne ke karɓar sa kai tsaye.

A wannan shekarar Ski-Doo ya fito da gangar jikin da ya kira REV, ya matsar da mahayi gaba da kimanin inci 12, ya ɗaga kujera, ya dawo da ƙafafu ƙarƙashin jiki. Yanzu mutum na tsakiyar babur, inda jijjiga ta fi sauƙi, kuma idan ya hango gargada sai ya miƙe kamar mahayin doki a kan likkafa, gwiwoyi su shanye bugun. Da farko an yi ta ƙorafi. Wasu suka ce siffar ba ta da kyan gani, wasu suka ce iska na dukan su fiye da da, dogaye kuma suka ce gwiwarsu na bugun murfin inji. Cikin 'yan shekaru duk sauran kamfanonin suka bi sahu, kuma tun daga lokacin Ski-Doo ke kan gaba a kasuwa.

Dalilin da ya sa wannan ya zama babban abu yana cikin yanayin hanyoyin. Quebec na da kimanin kilomita 33,000 na hanyoyin babura, Ontario kusan 30,000, Minnesota mil 22,000, kuma ƙungiyoyin 'yan sa-kai ne ke kula da mafi yawansu. Da dare ake bi da manyan injuna ana daddaɓe ƙanƙarar ta yi sumul. Zuwa la'asar ɗin Asabar, bayan ɗaruruwan babura sun bi, hanyar ta koma tudu da kwari jere kamar kunyoyin gona. Duk babur mai daɗi ne da ƙarfe tara na safe. A tafiyar komawa masauki, bayan an ci kilomita 250, ake gane na kirki.

A nan tsawon bel ke shigowa. Na hanya yakan zo a inci 129 ko 137. Gajeren ya fi saurin shan kwana. Dogon kuwa yana haɗe kunya biyu a lokaci guda maimakon ya faɗa tsakaninsu, don haka ya fi taushi a baya, kuma yawancin masu doguwar tafiya shi suke ɗauka. MXZ da Renegade na Ski-Doo, Indy na Polaris da ZR na Arctic Cat duk a wannan fage suke fafatawa, kuma gaskiyar magana tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda magoya bayansu ke kururutawa ba. Biyayya ga kamfani a nan kamar ta ƙungiyar ƙwallo ce, har da launi: rawaya na Ski-Doo, kore na Arctic Cat, shuɗi na Yamaha. Akwai gidajen da tun daga kaka har jika ba a taɓa shigo da wani launi ba.

Wanda ya ɗan fita daban shi ne Lynx, da ake ƙerawa a Rovaniemi ta ƙasar Finland. Kamfanin BRP mai Ski-Doo ne ya mallake shi, injinsu ma ɗaya, amma ƙafar bayansa an yi ta ne domin hanyoyin arewacin Turai da ba a cika gyarawa ba. Da aka fara sayar da shi a Arewacin Amurka a 2021, mahaya suka rabu biyu a kansa. Mai tafiya a hankali yana jin sa da tauri. Mai afka wa gargada da gudu a tsaye kuma yana ganin bai taɓa hawa irinsa ba.

Sabon yayi shi ne shokozoba mai kwamfuta, wadda ke sauya taurinta da kanta gwargwadon hanya. Ski-Doo na kiran tasa Smart-Shox, Polaris kuma Dynamix. Suna aiki, babu shakka. Amma babur na fitowa daga masana'anta ne a saite da nauyin matsakaicin mutum, kuma shokozoba mai tsada da ba a daidaita ta da nauyin mai ita ba ba ta fi mai araha da komai ba.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne a ido, manya a jiki. Ƙarƙashin kowane allon zamiya akwai siririn ƙarfe mai kaifi da ke cizon ƙanƙara a kwana. Idan ya faɗa sawun da wani babur ya bari, sai kan ya riƙa fizga dama da hagu, kafaɗu su gaji. Babban yatsa ma yana sagewa saboda danna totur na tsawon yini. Yamaha ce ta fara sa wa babur ɗin ƙanƙara sitiyari mai taimakon lantarki, a samfurin Apex na 2011, kuma masu manyan injuna masu nauyi sun gode mata.

Sai sanyi. A ma'aunin 25 ƙasa da sifiri, ga iskar gudu, fatar da ta fito fili tana iya daskarewa cikin mintoci. Marikin hannu mai ɗumi da harshen totur mai ɗumi yanzu kusan kowane babur na da su, wasu har da kujera, da wurin jona gilashin hular kwano don kada numfashi ya daskare a jikinsa. Abin dariyar shi ne samfuran da suka fi tsada sukan zo da ɗan guntun gilashin gaba da bai fi tafin hannu biyu ba, saboda ya fi kyau a hoto. Ba a daɗewa ake ganin mai shi a kantin kayan gyara yana neman dogo.

Kan dutse, lissafin daban ne

A tsaunukan British Columbia da Idaho da Wyoming da Colorado babu ruwan mahayi da gyararriyar hanya. Ƙanƙarar gari ce mai laushi da kan kai ƙirjin mutum. Summit na Ski-Doo, RMK na Polaris da jerin M na Arctic Cat na zuwa da bel mai tsawon inci 154 zuwa 165, wasu har 175, haƙoransa na kai inci 3, inda na hanya bai cika wuce inci ɗaya da kwata ba. Tazarar allunan gaba ma an matse ta zuwa inci 34 ko 36 maimakon 42, domin a iya kwantar da babur a gefe ɗaya a yanki gangaren dutse a kaikaice. Kujerar 'yar ƙarama ce, don kusan a tsaye ake wuni.

A nan kowane kilo abin faɗa ne. Polaris ta yi suna da RMK da nauyinsa bai kai kilo 200 ba kafin a zuba mai. Arctic Cat kuma a 2019 ta fito da Alpha One, mai sanda ɗaya tal a tsakiyar bel maimakon biyu, domin bel ɗin ya riƙa lanƙwasa yana bin gangare.

A nan ne kuma turbo ke da hujja ta gaske. Iska na raguwa yayin da ake hawa sama, inji kan rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000. A tsayin ƙafa 8,000, mai doki 165 ya koma kusan 125. Turbo na cusa wa injin iskar da ya rasa. Ski-Doo ya fitar da na farko mai bugu biyu daga masana'anta a 2020, Polaris ta mayar da martani da Patriot Boost.

Ƙarfin nan na da farashin da ba na kuɗi ba. Babur na yau yana kai wanda bai ƙware ba wuraren da a da sai gwanaye ke zuwa, kuma a irin waɗannan gangaren ne dusar ƙanƙara ke zaftarewa. A watan Disamban 2008, mahaya takwas 'yan garin Sparwood na British Columbia suka mutu a rana ɗaya a irin wannan zaftarewa. A Janairun 2023, shahararren ɗan tseren motocin nan Ken Block ya rasu a jihar Utah bayan babur ɗinsa ya kife a kansa a wani gangare. Mahayan dutse masu hankali ba sa fita sai da na'urar gano wanda ƙanƙara ta binne, da shebur, da sandar bincike, da jakar da ke kumbura. A ƙasa kuma tafki ne ke cin mutane: hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minnesota na cewa kada a hau da babur sai kaurin sabuwar ƙanƙara ya kai aƙalla inci 5.

Wanda ya sayi na dutse don burga ya kawo shi hanya, ya saya wa kansa wahala. Yana tangaɗi a kwana, ba ya tare iska, kuma injin kan yi zafi. Yawancin baburan nan ba su da lagireto irin na mota. Bututun ruwan sanyaya inji na ƙarƙashin kujera, ƙanƙarar da bel ke watsowa ce ke sanyaya shi, don haka a hanya mai tauri da babu garin ƙanƙara sai an saki wasu ƙarafa su riƙa kankaro ta. Ga mai son ko'ina akwai na tsaka-tsaki masu inci 146, irin su Backcountry da Switchback da Riot. Suna yin duka biyun, ba sa kai wa na ainihi a ko ɗaya.

Zaɓi na raguwa

Yayin da ake wannan musu, kasuwar kanta na tsukewa. A Yunin 2023 Yamaha ta sanar da cewa za ta fice daga harkar bayan fiye da shekara 50, samfurin 2025 ne na ƙarshe. Hunturun 2023 zuwa 2024 kuma ya zo da ɗumin da ba a taɓa gani ba a tarihin auna yanayi a Kanada da yawancin Amurka. Hanyoyi da dama a Minnesota da Wisconsin ba su buɗe ba ko sun buɗe na 'yan kwanaki, sababbin babura suka yi kwantai a hannun dillalai, kamfanoni suka rage ƙira. A ƙarshen 2024 kamfanin Textron, wanda ya sayi Arctic Cat a 2017, ya ce zai dakatar da aiki a masana'antar. Sai a Afrilun 2025 wasu masu zuba jari ƙarƙashin tsohon jami'in kamfanin, Brad Darling, suka saye shi.

Na lantarki bai kai ga cike gurbi ba tukuna. Sanyi maƙiyin batir ne. Samfurin lantarki na farko da Ski-Doo ya fitar kimanin kilomita 50 yake yi kafin a sake caji, ya dace da masu kai 'yan yawon buɗe ido zagaye kawai. Taiga na birnin Montreal, wanda ya fara wannan fage, ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2024.

Akwai kuma mahayan da wannan musu na turbo bai dame su ba sam. A ƙauyukan Alaska da arewacin Kanada, inda babu titin mota, da babur ɗin ake zuwa farauta, a ɗebo itace, a kai mara lafiya filin jirgi. Makiyayan ƙabilar Sami a arewacin Finland da Suwidin da Norway da shi suke bin garken barewar da suke kiwo. Masanin halayyar al'umma Pertti Pelto, a littafinsa na 1973, ya nuna yadda zuwan babur a shekarun 1960 ya kawar da kiwon ƙafa a wani yankin Sami na Finland cikin ƙanƙanin lokaci, ya kuma fitar da iyalan da ba su da kuɗin mai da na gyara daga sana'ar.

Su tambayoyinsu daban ne. Zai tashi a sanyin 40 ƙasa da sifiri? Yana da igiyar ja idan batir ya mutu? Sulke nawa zai ja na kaya, kuma za a iya gyara shi a daji da 'yan sifanu? Skandic na Ski-Doo mai bel ɗin da faɗinsa ya kai inci 20 ko 24, inda na yau da kullum ke da 15, da Titan na Polaris, don su aka yi. Suna jan kaya, suna yawo a saman ƙanƙara mai laushi, amma wasunsu sun haura kilo 300, kuma idan irin wannan ya nutse da mutum shi kaɗai a nisan kilomita 60 daga gida, aiki ya same shi.

Shi ya sa har yanzu ake neman tsofaffin ƙanana guda biyu a kasuwar na-hannu a can arewa: Elan na Ski-Doo, da aka daina ƙerawa a 1996, da Bravo na Yamaha, da aka daina a 2011. Injinsu ɗan 250 ne, ba su da kujera mai ɗumi, ba su da kwamfuta. Idan ɗayansu ya kafe, mutum ɗaya ke kama ƙarfen bayansa ya ɗaga shi ya ajiye a gefe.